Goran da Ban Girgiza Ba

Rubuta yadda na faɗa, Bilkisu, kada ki gyara mini magana. Ke kika jawo wannan zance. Kin zauna a tabarmata kina ba ƙannenki labarin injin da kike aiki da shi a birni, wai yana da wayo. Wai idan aka ce ya nemo mutum ɗaya cikin tulin sunaye, ba ya faɗawa nema kai tsaye. Yana da 'yar ƙidayar da ya ajiye a gefe: wannan rumbun sunayen babba ne, wancan ƙarami ne, masu irin wannan suna sun cika gari, masu wancan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da ƙidayar yake auna hanyoyi, ya ɗauki wadda ba za ta ci masa lokaci ba. Ƙannenki suka saki baki suna kallonki. Da na ce ai sana'ata ke nan tun uwarku ba ta yi wayo ba, sai kuka yi dariya, har Sani yana cewa, "Iya, ke da yawon gidaje kawai kike yi." To, ku gyara zama ku ji yawon.

Ni mai neman iri ce, a nan Ƙafin Maiyaki, tun zamanin da mota ɗaya ke zuwa Tudun Wada da safe, in ta wuce ka sai gobe. Ku ba ku san sana'ar ba, domin kun tashi kun tarar da iri a cikin leda a shagunan Kwanar Dangora, da hoton abin a jiki, kamar manomi bai san kamar wake ba. A da, hatsin rumbu na maigida ne, amma ƙananan iri a hannun mata suke: wake, gyaɗa, riɗi, kuɓewa. Mace za ta zuba iri a gora, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka, ta rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsa. Namiji ba ya shiga gidan wani, balle ɗakin girkin matar wani. In ruwa ya sauka, wanda ba shi da iri sai ya zo ƙofata ya yi sallama. Ni zan shiga in nemo, a yi musaya ko a saya, a ba ni ɗan abin da ya sauwaƙa daga kowane mudu.

Abin da ba ku gane ba shi ne ƙasa ba ta jira. In an yi ruwan shuka, danshi kwana uku ne, in rana ta yi zafi ma bai kai ba. Garin nan da ƙauyukansa gida nawa ne? In kin ce sai kin shiga kowanne, kuma kowanne sai an tambaye ki gajiya da yara da mai jiki, kafin ki samu irin an fara girbi. Saboda haka aikin ba a ƙafa yake ba. Aikin shi ne ki san ƙofar da za ki fara bugawa tun ba ki ɗauki mayafi ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Mudu ɗaya na ƙwarya, kwando, da wasu tsummoki da nake ƙulla ɗan iri a ciki don nuna wa mai nema. Sauran duk a ka yake. Kowace kaka, bayan an shigar da amfanin gona, ina yin zagaye. Mutane sun ɗauka gaisuwa ce, ni kuwa ƙidaya nake. Ba kowane gida nake shiga ba, wannan aikin mara hankali ne. In na shiga gida shida ko bakwai a unguwa, na san abin da unguwar take ciki: jar gyaɗa ta cika ko'ina, farin riɗi sai gefen Bebeji, masara mai kyau sai wurin Fulanin da suka zauna suna noma, domin su ke da taki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nake riƙe gidansa da sunan mai shi.

Gwaggo Delu, yayar babana, ita ta koya mini. Aikin farko da ta bar mini, wani mutum ne daga wajen Kiru yana son gyaɗa ja, mai tsayuwa ba mai yaɗo ba, mudu goma. Bai gama rufe baki ba na zari mayafi.

Ta ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Neman gyaɗa, Gwaggo."

"Wace ƙofa?"

"Duk inda ake da ja."

"Zauna. Ƙafarki ta fi kanki sauri. Gida nawa ne ke da ja a garin nan?"

"Kusan duka."

"Masu mai tsayuwa fa?"

"Rabi."

"Waɗanda za su iya fitar da mudu goma ba su ji a jikinsu ba?"

Na ƙirga da yatsu. Na ce, "Uku."

Ta ce, "To kin ga ƙofa uku gare ki, da kin tafi buga ɗari. Kullum ki fara da sharaɗin da ya fi kashe gidaje. Sauran kya tambaya in kin shiga."

A ƙofa ta biyu na samu. Na dawo ina jiran yabo, ta ce in wanke mudu.

Ta kuma koya mini inda tunani ɓata lokaci ne. In mutum na son dawa farafara, kada ki zauna kina lissafi kamar alƙali, shiga gidan da ya fi kusa. In ƙauyen gida biyar ne, buga duka biyar ɗin, ya fi sauri da ki tsaya tuna wa ke da me. Sannan akwai abu ɗaya da take yi wanda yake ba ni kunya a lokacin. Duk ɗakin girkin da ta shiga, ko gaisuwar mutuwa ta je, sai ta miƙa hannu ta girgiza goran da ke rataye, ta kasa kunne. Wake a cikin toka yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai mura. Mata suna tsakin abin a bayanta, suna cewa Delu ba ta yarda da kowa ba. Gaskiya suka faɗa. Bayan ta rasu, sunana ya fito, ana zuwa nemana har daga Doguwa, sai na ga na wuce girgiza goran mutane. Ido ya ishe ni, in ji ni.

Masu nema kuwa, Allah ya shirye su. Namiji zai zo ya ce, "Kowane iri ma, Yaya Hanne, ba ni da zaɓi." Ki kawo masa, ya juya shi a tafin hannu, ya ce ba irin wanda mahaifinsa ke shukawa ba ne. Wani sai ruwa ya kwana biyu da sauka zai tuna ba shi da iri, ya zo yana haki kamar ni na aiko da ruwan ba sanarwa. Na koyi in tatse mutum da tambaya kafin in motsa, domin rabin wahalar nema daga bakin mai aike take fitowa.

Akwai wata da take taɓa sana'ar, Ladi. Ana ce mata Ladi Sallama, don ba ta da wata dabara sai sallama. Daga gidan farko na bakin masallaci take farawa, ta bi layi ƙofa bayan ƙofa, ko me aka aike ta nema. Ko jiya ta shiga gida ta ga babu, yau ma sai ta shiga. Kanta ba ya riƙe komai, kamar rariya. Abin da nake kawowa kafin hantsi, Ladi sai la'asar, ta sha ruwan gida talatin, ta san wa ya yi faɗa da wa. Na yi mata dariya shekaru, kuma ko yanzu ban janye ba, a shekarar lafiya hanyarta hanyar jaki ce.

Sai shekarar da ruwa ya yi gardama. Damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, ta biyun ce nake ba ku labari. An yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Lokaci ya tafi, gero ba zai ƙara kamawa ba. Ran nan da asuba aka yi ruwa mai kyau, kafin rana ta ɗaga na ji sallamar Malam Haruna. Mutum ne mai gona ɗaya tal, a hanyar rafi, rabinta tudu rabinta kwari, da 'ya'ya shida. Ba ya cikin masu ɓata mini lokaci.

Ya ce, "Yaya Hanne, wake ɗan arba'in nake so. Ko mudu uku ne. Shi kaɗai zai nuna kafin ruwa ya ɗauke. In na rasa wannan danshin, bana ba ni da komai."

Ɗan arba'in wake ne mai saurin nuna, kuma ba kowa ke ajiye shi ba, domin ba ya yin ganye da yawa na dabbobi. Na zauna na yi lissafina yadda aka koya mini. A cikin gari, a ƙidayata, da ƙyar gida ɗaya cikin talatin yake da shi, kuma ɗan cikin cokali ne. Amma a wani ƙauye gaban Tudun Wada akwai gida uku da na sani. Babbansu gidan wata Asabe ne. A gabana ta cika gora huɗu da kaka. Da bazara ma na je taron suna a maƙwabtansu, na leƙa ɗakin girkinta, na ɗaga kai na ga gorunan nan huɗu a rataye, bakinsu a liƙe. Tafiyar yini ce zuwa da dawowa, amma tabbas ce. Gari kuwa caca ne.

Na ce, "Je ka gyara gona. Gobe da safe kana shuka."

Yana fita suka yi kiciɓis da Ladi. Na ji ta daga ciki tana cewa ko ta taya shi dubawa a cikin gari. Ya ce, "Bar shi, Ladi, na riga na aiki wadda ta sani." Na ji daɗin maganar, kada ki tsallake wannan, rubuta shi.

Motar ba ta tashi ba sai da ta cika, ta kuma tsaya ana zuba mata ruwa sau biyu. Na isa ƙauyen bayan azahar. Mijin Asabe yana zaure yana gyaran fartanya, shi dawarsa ta kama, ruwa ya fi zama a wajensu, bai nemi wake ba tukuna. Na shige ciki. Asabe ta shimfiɗa mini tabarma, ta hau gaisuwa. Ta tambayi gida, ta tambayi hanya, ta koma ta tambayi gida. Mace in ta gaishe ki sau uku ba ta tambayi abin da ya kawo ki ba, ta riga ta sani.

Na ce, "Asabe, ban zo hira ba. Sauko mini da gora ɗaya."

Ta ce, "Ki sha ruwa tukuna, Yaya."

Na tashi da kaina na shiga ɗakin girkin, na kama na farko. Nauyinsa daidai. Na girgiza. Sai ya yi ƙara kamar cakin makaɗa. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka. Tsakuwa ce.

Ta riƙe mini hannu. "Don Allah, Yaya, kada ki ɗaga murya, yana zaure."

"Yaushe?"

"Tun kafin azumi. Yara suna kwana ba ci. Na ce in taɓa ɗaya kawai."

"Ranar da na zo suna fa?"

"Ranar ma tsakuwar ce. Na ga kin ɗaga kai, na ce asirina ya tonu. Sai kika wuce."

Ta dafa wa 'ya'yanta irin, ta tsinto tsakuwa daidai girman wake a bakin rafi, ta mayar da toka, ta liƙe da sabuwar laka, ta bar hayaƙi ya baƙanta ta, don maigida in ya leƙo ya ga iri yana nan hankalinsa ya kwanta. Aiki mai kyau ta yi, ko ni na yaba liƙin. Na ce mata ta gaya masa tun yana da lokacin nema, na fito. A zaure ya ce, "An daidaita, Hanne?" Na ce irin bai yi mini ba. Ya ajiye fartanya ya ce, "Waken gidana ne bai yi miki ba? Duk ƙasar nan a nuna mini wanda ya fi shi." Na ce gaskiya ne, ban taɓa ganin mai ƙarfinsa ba.

Sauran gida biyun ma haka. Matan ƙauyen dabara ɗaya suka koya wa juna a bakin rijiya, ɗaya ma da yashi ta cika nata, ko wahalar tsintar tsakuwa ba ta yi ba.

Nan ne na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni. Mai hankali, in gidan da ta fi yarda da shi ya ƙaryata ta haka, sai ta san ba gida ɗaya ne ya canza ba, ƙidayar ce gaba ɗaya ta ruɓe. Yunwa ta bi ta kan kowane ɗakin girki tun bayan zagayena. Kamata ya yi in juyo a ranar in kama layi. Amma in juyo in ce me? In shiga sahun Ladi? Sai na zaro na gaba a cikin tsohon lissafin nan dai: wata ruga ta wajen Doguwa, inda na taɓa ganin ɗan arba'in a jikin gonar masara. Na kwana a Tudun Wada gidan 'yar ƙanwata, da safe na bi motar itace. Na tarar da wurin rugar, turakun shanu da tokar murhu. Wani mai kiwon tumaki ya ce sun yi kudu tun watanni, ciyawa ta gagara. Mota ba ta dawowa ranar. Kwana biyu ke nan.

Na sauka a gari rana ta uku, bayan azahar, kwandona babu komai sai mudu. A ƙofar gidana na tarar da Ladi zaune a kan dakali tana cin goro.

Ta ce, "Sannu da hanya, Hanne. Yaya mutanen Doguwa? An ce har can kika kai."

Na ajiye kwandona. Ta ci gaba.

"Matar Malam Haruna ce ta aiko mini da safen nan. Shi ya hana, wai yana jiranki. Kwana biyu yana zaune a bakin gona yana duba hanya. Ta ce in ba zai aika ba ita za ta aika."

"Kin samu?"

"Mudu biyu da rabi. Suna can suna shukawa."

"A ina?"

Ta tofar da goro, ta nuna da haɓa. "Gidan Iya Kande."

Bilkisu, Iya Kande katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Tarinta nake ji kullum da safe. Tsohuwa ce ba miji, ba gona, tana saƙa faifai. Tun da na fara sana'a na cire ta daga ƙidaya, gidan da ba gona me zai yi da iri? Ashe tana soka ɗan arba'in a jikin dangarta ta baya kowace shekara, ita kaɗai ce, ba yaran da za su yi mata kuka, ta tara a tsohon tulu. Ladi ta same ta a ƙofa ta goma sha tara, don kawai Ladi ba ta da wayon tsallake kowa.

Da la'asar ɗin nan suka shuka. Kwarin gonar da sauran danshi, ya fito. Tudun ya riga ya bushe, wake ya kwanta a ƙasa kamar an binne tsakuwar Asabe. Da ranar farko aka shuka, da duka ya kama, wannan ko shi ya sani, ko ni na sani. Abin da suka samu ya kai su tsakiyar rani. Daga nan Malam Haruna, mutumin da bai taɓa kwana a wani gari ba, ya ɗauki buhu ya tafi ci-rani, yana ga-ruwa a birni da furfurarsa. Rani biyu ya yi yana zuwa kafin ya miƙe.

Daga shekarar na koma zagaye biyu, ɗaya da kaka, ɗaya gab da damina. Na mayar da gidajen da na cire. In na ga mudun hatsi ya yi tsalle a kasuwa, na san ƙidayata ta tsufa ko jiya na yi ta. In gidan farko ya ƙaryata ni, ba na zuwa na biyu a lissafin, juyowa nake in bi layi, ko Ladi na gabana tana dariya. Kuma duk ɗakin girkin da na shiga sai na miƙa hannu. Suka koma cewa Hanne ba ta yarda da kowa ba. Har irin leda ya zo ya kashe sana'ar, ban ƙara ƙirga gora da ido ba.

Saboda haka in kin koma wurin injinki, ba ruwana da saurinsa. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da zagaye, da wanda ya cire daga lissafi don ya ga ba shi da gona. Na ga kin sunkuyar da kai, wato ya taɓa kai ku Doguwa.

Malam Haruna bai taɓa yi mini maganar ba, ko a fuska. Da aka yi roron waken kwarin nan, matarsa ta shigo da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ta ajiye a gabana. Ta ce, "In ji Malam, a ba ki ki ajiye. Ko wani zai zo nema, kada ki yi nisa."

Jikokin waken ne a goran can da ke rataye bayan ƙofa, kowace shekara ina soka su a jikin danga. Sani, kai mai cewa yawo, tashi ka sauko da shi. Kada ka fasa lakar. Girgiza, ka gaya mini abin da ke ciki.